Yadda ake sauraron Master of Puppets, daga bakin mai gyaran rediyo

Sana'ata gyaran rediyo da ampili, rumfata tana Zango, a nan Damagaram. Duk wanda ya san wannan aiki ya san rabinsa korar ƙara ne. Mai biki ya kawo ampili yana gurnani, ladan ya aiko da lasifikar masallaci tana shaƙewa, ni kuma in duƙa da ƙarfen dalma har sai murya ta fito tas. To, faifan da zan koya maka saurare yau, Master of Puppets na ƙungiyar mawaƙa ta Metallica, samari huɗu ne suka kwashe kusan wata huɗu suna ƙera wannan gurnanin da gangan, suna auna shi kamar mai awon zinari.

A 1994 ina yaron shago. Wani Ba'amurke cikin masu aikin sa kai, wanda ke zaune a wani ƙauye wajen Matamaye, ya kawo ƴar rediyonsa mai cin kaset, robar da ke juya ta ta tsinke. Maigidana ya miƙo min ya ce in canja, shi zai tafi jana'iza. Na canja, na danna don gwaji da kaset ɗin da na tarar a ciki. Sai ga jita mai sanyi tana fita tsaf kamar ruwan randa. Na fara tattara sukurori ke nan, ba a cika sakan arba'in ba, sai sautin ya kece da wani irin ruri kamar an tada injin niƙa a tsakar ɗaki. Gabana ya faɗi. Kowane mai gyara yana tsoron ciwon da ba ya tashi sai na'ura ta ɗumama, don shi ne mai wuyar kamu. Na goge kan da alkol, na murɗa ɗan sukurun saiti da turnabis, na bi ƙafafun kayan ciki ɗaya bayan ɗaya da dalma. Na mai da kaset baya: jita tsaf, sakan arba'in, ruri. Sau huɗu, kuma kullum a wuri guda. A nan ya kamata in gane, amma yaro yaro ne.

Da la'asar mai kaya ya dawo, na sunkuyar da kai na ce, "Wallahi na canja robar, amma akwai wani ciwon a ciki." Ya saurara, sai ya fashe da dariya har yana dafa ginshiƙin rumfa. Da Hausarsa ta ƙauye ya ce, "Lafiyarta lau, abokina. Haka kiɗan yake." Da zai bar ƙasar, ya bar min kaset ɗin, wanda shi ne Master of Puppets.

Abin da ya tono zancen shi ne ɗan ƙanwata, wanda ke karatu a jami'ar André Salifou. Kwanaki ya shigo rumfa yana miƙo min waya: "Kawu, ji wani abu." Guntun bidiyo ne daga shirin nan na Netflix mai suna Stranger Things, wanda ya sa waƙar Master of Puppets, mai sunan faifan, a 2022 har yaran duniya suka ruɗe a kanta kamar jiya aka yi ta. Ya ce ya nemo cikakkiyar, amma bayan minti ɗaya hayaniya kaɗai yake ji. Na ce masa ba laifin kunnensa ba ne, ba a nuna masa inda zai aje shi ba ne. Abin da na faɗa masa shi zan faɗa maka.

Ka fara sanin su waye, a taƙaice. Metallica ƙungiya ce da aka kafa a Los Angeles a 1981, daga baya suka koma yankin San Francisco. James Hetfield ne mai waƙa kuma mai jitar da ke riƙe da kiɗan, Kirk Hammett mai jitar da ke tashi sama, Cliff Burton mai jitar bas, wato mai kaurin murya, Lars Ulrich kuma mai ganguna, shi mutumin Denmark ne. Master of Puppets shi ne faifansu na uku, bayan na 1983 da na 1984. Sun ɗauke shi a birnin Kopenhagen tare da injiniya Flemming Rasmussen daga Satumba zuwa Disamban 1985, ya fito ranar 3 ga Maris 1986. A lokacin babu wanda ya kai shekara 25 a cikinsu. Waƙoƙi takwas ne, kusan minti 55. Salon kiɗan ana kiransa tirash metal, reshe ne na metal, wato kiɗan jita mai nauyi da ƙara, kuma kalmar tirash a Turanci jibga take nufi, asalinta daga sussukar hatsi. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu kayan aiki, kuma a nan ne nake da bakin magana. Kada ka saurare shi a lasifikar waya. Ba fifiko nake yi ba, lissafi ne. Tsirkiyar jita mafi kauri tana girgiza kusan sau 82 a sakan, ta bas kuma kusan sau 41. Ƴar lasifikar da ke gindin wayarka, wadda ba ta kai ƙwayar gujiya ba, ba ta iya tura iska a wannan zurfin. Abin da take ba ka shi ne saman sautin kaɗai, shiii-shiii na farantan ƙarfen da mai ganguna ke bugawa da ƙaiƙayin jita, wato ainihin hayaniyar da ɗan ƙanwata ya ji. Kamar a ba ka ƙanzo a ce ka ci tuwo. Nemi abin sauraro na kunne, mai waya, na jika biyu ma ya isa, in dai duka ɓangarorin biyu suna aiki. Wannan sharaɗi ne, domin rabin daɗin faifan yana cikin abin da ke hagu da abin da ke dama. Al'adar nan ta fada, kai kunne guda abokinka kunne guda, ba ta yi a nan.

Sai inda za ka samo shi. Masu tura waƙa a kasuwar Dole ba lalle su kasance da shi ba, kuma in ma suna da shi, ka duba nauyinsa. Faifan gaba ɗaya in mai kyau ne zai kai mega 130. In ka ga bai wuce mega 50 ba, an matse shi, zai saurarau amma faranta za su yi ƙarar ledar shayi. Wanda ya bi ta hannu goma a WhatsApp kuwa, bar shi. Shafin ƙungiyar na YouTube yana da waƙoƙin da aka sake gyara sautinsu a 2017, wannan ya wadatar. Ka sauke da dare lokacin da intanet ke da sauƙi, ka jera su yadda suka zo, kada ka bari waya ta yi maka zaɓi.

In da ampili za ka ji, roƙo ɗaya nake yi: cire hannunka daga maɓallin bas. Mu nan mun saba murɗa shi har ƙarshe, sai kwanon rufi ya ɗauki rawa sannan a ce sauti ya yi. Su waɗannan tun a ɗakin ɗauka sun riga sun ɗaga ƙasan sautin da samansa sun rage tsakiya. In ka ƙara naka a kai, sai komai ya zama kunu. Bar kowane maɓalli a tsakiya. Ƙarfin murya kuma daidai yadda in mutum ya yi sallama a ƙofa za ka ji. In ka cire abin kunne ka ji kunnenka yana kuka, ka wuce gona da iri, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Ina da abokan aiki masu kiɗan biki da sai ka ɗaga murya kafin su amsa gaisuwa.

Gurnanin nan da na ɗauka ciwo ne, ga yadda yake. In ka tura wa ampili sigina fiye da abin da zai iya ɗauka, sai kan igiyar sautin ya yanke ya baje, murya ta yi kaushi. A lasifikar masallaci wannan lalacewa ce. Su kuma suna amfani da ampili mai fitilu, irin na tsoffin rediyon kakanninmu, ƙirar Mesa/Boogie, suna cusa masa sigina har ya yi wannan kaushin, amma kaushin da suke riƙe da linzaminsa. Alamar da za ta nuna maka ba lalacewa ba ce: yana tsayawa cak lokacin da suka so. Lalataccen ampili ba ya yin shiru a kan ƙa'ida.

Wannan ya kawo mu kan babban abin, wanda in ka kama shi sauran duk ƙari ne. A saurare na farko ka manta da mai waƙa. Mu kunnenmu ya tashi a kan Shata da Ɗan Maraya, inda magana ce sarki, kiɗa kuma dogari. Shi ya sa da mun ji sabon abu muke neman murya, in ba mu fahimce ta ba sai mu ce babu komai a ciki. A nan an juya zancen. Sarki shi ne hannun daman Hetfield, kuma ba mai jita ba ne yadda ka san Bombino ko Mdou Moctar, waɗanda jitarsu ke zagayawa tana shawagi kamar guguwar rani. Shi makaɗi ne da ya sami jita a maimakon ganga.

Fara da waƙa ta biyu, mai sunan faifan. Ana kaɗa jita da wani ɗan gutsuren roba mai kusurwa uku. Yawancin masu kiɗa in abu ya yi sauri sai su riƙa bugun tsirkiya ƙasa da sama, ƙasa da sama, don hannu ya huta. Hetfield ƙasa kaɗai yake bugawa. Waƙar tana tafiya a kan bugu kusan 212 a minti, shi kuma yana yin biyu a kowane bugu, wato kusan sau bakwai a sakan guda, duka ƙasa. Ka tuna taɓarya a turmi: ba ta daka a hanyarta ta komawa sama, duk ƙarfinta a saukowa yake, shi ya sa kowane bugu ke da nauyi iri ɗaya. Sussukar da na ce ka riƙe ke nan. Gwada da kanka. Ɗauki cokalin shayi ka riƙa dukan cinyarka da shi, ka bi waƙar. Ni a ƙuruciyata ban taɓa wuce rabin minti ba kafin damtsena ya ɗauki wuta, shi kuwa waƙar minti takwas da rabi ce.

Kana cikin bi za ka lura sautin iri biyu ne. Akwai mai toshewa, jug-jug-jug, akwai mai buɗewa da ke fashewa kamar an banko ƙofa. Mai toshewar yana samuwa ne in ya ɗora gefen tafin hannunsa a gindin tsirkiyoyi yana bugawa, daidai yadda mai ganga ke dafe fata da yatsun hagu don ya kashe amon, sannan ya ɗaga ya sake shi. Duk zancen kiɗan yana tsakanin dafewa da sakewa. Da zarar kunnenka ya rarrabe su, hayaniyar ta watse, sai ka fara jin guntayen jimloli da ake maimaitawa kamar amshi. Su ake kira rif, kuma waƙa guda tana iya ɗaukar bakwai ko takwas a jere, kowane da inda yake shiga.

Yanzu ƙirga. Lokacin da murya ta shigo, riƙa cewa ɗaya, biyu, uku, huɗu, kana kaɗa ƙafa. Sau uku za ka cika lafiya. A na huɗun sai ka ji ƙafarka ta faɗa rami, sun riga ka komawa farko. Ba kuskure ba ne, gutsure zagayen suka yi, kuma haka za su yi ta yi duk baitin. Ranar da na gano wannan na mai da kaset baya har sai da maigidana ya ce zan cinye masa batir. Wannan ɗan tuntuɓen shi ke hana waƙar zama injin niƙa na gaske. Yana sa jikinka cikin rashin natsuwa, kuma in ka ji abin da waƙar ke faɗa za ka san dalili.

Sai gwajin kunne guda. Cire na dama, saurari hagu. Mayar, cire na hagu. Jita ce daban a kowane ɓangare, amma mutum ɗaya ne ya kaɗa su, sau da yawa, aka jera wani kan wani. Ba kwafi aka yi da na'ura ba, a 1985 a kan zaren kaset mai faɗi ake ɗauka, sai dai ya sake kaɗawa daga farko har ya dace da na baya bugu da bugu. Kaurin da kake ji kamar katangar birni daga nan yake. Ni da na san wahalar daidaita lasifika biyu kawai, wannan ya fi komai ba ni mamaki.

Wajen minti uku da rabi komai zai lafa. Gurnani ya ɗauke, jita mai tsabta ta shigo, sannan biyu suka haɗu suna tafiya tare, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da wani irin taushi mai sa mutum tunanin gida. Kada ka tsallake nan, kuma kada ka ɗauka waƙar ta ƙare. Saurari yadda ganguna ke dawowa a hankali suna taruwa kamar hadarin gabas, har a koma cikin wuta. A cikin kiɗan Hammett da ke biyo baya akwai wata ƙara siririya kamar kukan shaho. Tsirkiya ce ta zame masa ta fita daga gefen wuyan jita bisa kuskure, suka ji ta yi daɗi suka bar ta.

In ka yi wannan sau biyu ko uku, sai ka nemi maganar. Ni Faransanci na yi a lakwal, Turancina na jikin kayan gyara ne, don haka Ba'amurken nan ne ya fara warware min, daga baya na bi rubutun kalma da kalma. Kai yanzu waya za ta fassara maka. Sunan yana nufin mai jan zaren ƴan tsana, irin waɗanda ake ɗaura wa zare a hannu da ƙafa ana sa su rawa. Mai magana a waƙar ba mutum ba ne, ƙwaya ce. Ita ke yi wa mai shanta magana, tana gaya masa ita ce ubangidansa, ita ke ja shi kuma yana bi, ta yi masa alkawari ta cinye shi. Su hodar iblis suke nufi. Ni kuwa ban taɓa jin ta ban tuna tramol ba. Akwai wani ɗan kabu-kabu da ke aje babur a gaban rumfata shekarun baya, yaro mai ladabi, kullum "Baba, ina kwana." Ya fara da ƙwaya guda don ya jure rana, na ga lokacin da hannunsa ya fara rawa wajen ƙirga canji, na ga ranar da ya faɗi yana shure-shure a bakin titi mutane suka taru. Wannan sassaucin na tsakiyar waƙa, mai daɗin nan, shi ne lokacin da ƙwayar ta hau kai. Abin da ke biyo baya kuma ka riga ka ji shi.

Daga nan sai ka koma farko ka bi faifan a jere. Waƙar buɗewa, Battery, ita ce mai jitar da ta yaudare ni. Masu kiɗan zamani a nan suna ce wa jerin ganguna batiri, ni kuma batir na sani na rediyo, ashe su jibgar mutum suke nufi, irin ta taron dangi. A cikinta ka nemi sukuwa: bugu ɗaya dogo, biyu gajeru, ɗaya dogo, biyu gajeru. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ranar hawan salla ya ji kofatai suna tahowa ya san wannan kiɗan tun kafin a haifi Metallica. Ta uku, The Thing That Should Not Be, a hankali take tafiya, sun sassauta tsirkiyoyi don sautin ya ƙara zurfi, labarin wani dodo ne a ƙarƙashin teku. Mu da ko ruwan famfo sai an yi dako, dodon teku bai dame ni ba, amma nauyinta yana da amfani bayan gudun biyun farko. Ta huɗu, Welcome Home, muryar mutum ce da aka kulle a gidan masu taɓin hankali, tana farawa a sanyaye tana ƙarewa da tawaye. In kana da aboki mai tsoron ƙara, da ita za ka fara masa.

A kaset nan ne ake juyawa, kuma ina ba ka shawara kai ma ka tsaya. Tashi ka sha ruwa, ka bar kunne ya huta minti biyar. Waya ta kashe mana wannan hutun, alhali an tsara faifan da shi.

Gefe na biyu yana buɗewa da Disposable Heroes, jarumawan da ake amfani da su a yar. Saurayi ne aka tura fagen yaƙi, da muryar mai ba da umarni tana kora shi gaba. Ita ce mafi tsananin gudu a wurina, minti takwas babu sassauci, kuma duk gidan da ke da kakan da Faransa ta ɗauka soja ba ya buƙatar dogon bayani. Hoton bangon faifan ma nan ya dosa: fararen alamun kaburbura a jere, zare ya tashi daga kowane zuwa wasu hannaye a sama. Leper Messiah kuma a kan masu wa'azin talabijin na Amurka ce, masu tatsar talakawa da sunan addini. Maganarta ta fi kiɗanta, a ganina, kuma ita kaɗai nake tsallakewa in ina sauri.

Ta bakwai, Orion, ba a tsallake ta, ba a kuma jin ta a cikin hayaniyar rana. Babu murya a ciki ko kaɗan, minti takwas da ɗoriya. Sunan wasu taurari ne, waɗanda ke da uku a jere a tsakiya, masu biyo bayan kaza da ƴaƴanta a sararin sama lokacin sanyi. Jira daren da aka ɗauke kuran, wanda ba zai yi maka wuyar samu ba, unguwa ta yi tsit, ka shimfiɗa tabarma a tsakar gida ka sa abin kunne. A nan Cliff Burton za ka bi. Shi ne wanda ya san ilimin kiɗa a cikinsu, mai son Bach, tsohon gwanin tsara kiɗa na Jamus, shi ya koya wa sauran yadda ake jera sautuka su tafi tare. Wajen minti huɗu komai zai tsaya, sai bas shi kaɗai ya fara wani taku mai lilo, jitoci su riƙa hawa kansa ɗaya bayan ɗaya. Can gaba, bayan minti shida da rabi, akwai kiɗan da kusan kowa ke ɗauka jita ce. Bas ne, ya hau can ƙarshen wuyansa. Na yi shekaru ban sani ba.

Kusan wata bakwai bayan fitar faifan, ranar 27 ga Satumba 1986, suna yawon wasa a Suwidin, motarsu ta ƙwace da asuba kusa da garin Ljungby. Burton yana barci, ya faɗo ta taga, motar ta kife a kansa. Shekararsa 24. Ƙungiyar ta ci gaba, ta yi suna fiye da da, amma ba su sake yin abu mai irin wannan tsakiyar ta Orion ba. Wannan ra'ayina ne, kuma na san masu musu.

Ta ƙarshe, Damage, Inc., tana farawa da wani sauti mai kumbura kamar iska a bututu, shi ma bas ɗin Burton ne, sannan ta rufe faifan da gudu. Akwai ashar a cikinta, kuma ita da Battery zancen faɗa ne tsagwaronsa, don haka ba na yara ba ne, ba kuma na sakawa a lasifika a gaban manya ba. Maƙwabcina Alhaji mai kayan masarufi ya taɓa leƙowa ya ce, "Malam, lafiya? Ko aljanu kake gyara wa rediyo?" Tun ranar na koma abin kunne. Hukuncin kiɗa kuwa na malamai ne, ni mai dalma ne. Abin da zan iya shaida kawai shi ne abin da ke cikin wannan faifan: ƙwaya, yaƙi, damfara da kulle mutum, kuma babu wanda aka yaba a cikinsu.

Kada ka yanke hukunci a ji na farko. Ba shi uku, a ranaku daban. Faifan da ya kai lamba 29 a jerin cinikin Amurka ba tare da bidiyo ko guda ba, wanda kuma ɗakin karatu na majalisar dokokin ƙasar ya sanar a 2016 cewa ya shigar da shi cikin sautukan da ake adanawa don tarihi, na farko daga kiɗan metal, ya cancanci dare uku. In bayan haka bai shige ka ba, ka bar shi, ba dole. In kuma ya shige ka, shekarar 1986 tana da sauran kaya: Peace Sells na Megadeth, ƙungiyar Dave Mustaine wanda aka kora daga Metallica a 1983, da Reign in Blood na Slayer, wanda bai cika minti 30 ba. Na Slayer ɗin ka karanta maganarsa tukuna kafin ka yanke ko za ka ji, don ya fi wannan duhu nesa ba kusa ba, ni kaina ban riƙe shi ba.

Ɗan ƙanwata ya tafi da abin kunnena na aro ranar Talata. Ranar Juma'a bayan masallaci sai ga shi, ya zauna a kan bencin rumfa yana murza damtsensa na dama. Na ce me ya same ka. Ya ce, "Kawu, cokalin nan. Sakan ashirin na kai." Abin kunnen kuma ya ce zai kawo mako mai zuwa, bai gama da Orion ba, ana ta kawo kuran.